TSOHUWAR TASHAR JIRAGEN RUWA TA ZAMA LAMBUN JAMA'A A SIDNI, AMMA GARDAMA BA TA ƘARE BA

Ranar Asabar, 22 ga watan Agusta, 2015, Gwamnatin Jihar New South Wales ta ƙasar Ostareliya ta buɗe wani sabon lambun shan iska a bakin ruwan birnin Sidni, wanda aka raɗa wa suna Barangaroo. Faɗinsa hekta shida ne, watau wajen eka 15, kuma ba a biyan ko kwabo kafin a shiga, dare ko rana. Wanda ya je wurin yau zai tarar da tudu mai itatuwa, da manyan duwatsu jere a bakin ruwa, har ya ɗauka haka Allah ya halicci wurin tun fil azal. Alhali kuwa shekara goma kafin ranar buɗewa babu komai a nan sai shimfiɗaɗɗen kankare, inda jiragen ruwa ke sauke kwantena, kamar dai yadda ake yi a Apapa.

Gwamnatin ta ce abu biyu ta nufa da wannan aiki. Na farko a mayar da bakin ruwan kusa da yadda yake kafin Turawa su sassare shi, na biyu kuma a girmama mutanen da Turawan suka tarar a ƙasar, waɗanda ake kira Aborijin. Sunan da aka ba lambun ma sunan wata mace ce daga cikinsu. To, amma a kan wannan fili guda an yi shekaru ana ja-in-ja tsakanin gwamnati da attajirai da masu zanen gine-gine da talakawan unguwar da ke kusa, da kuma su 'yan asalin ƙasar. Abin da ake jayayya a kansa shi ne, in an ce an yi wuri domin kowa da kowa, su wane ne ke cikin lissafin, kuma wa aka shawarta kafin a fara.

MASU ƘASA NA FARKO

Masana sun tabbatar cewa mutanen Aborijin sun yi fiye da shekara 50,000 a Ostareliya kafin Bature ya sa ƙafa a cikinta. Ba ƙabila ɗaya ba ce, harsunansu ma sun kai 250. Waɗanda ke zaune a gefen kudu na mashigin ruwan Sidni, inda tsakiyar birnin take yanzu, su ake kira Gadigal, kuma filin wannan lambu a cikin ƙasarsu yake.

A watan Janairu na 1788 jirage 11 suka iso daga Ingila a ƙarƙashin Gwamna Arthur Phillip, ɗauke da mutane wajen 1,400. Fiye da 700 daga cikinsu fursunoni ne waɗanda kurkukun Ingila suka kasa ɗauka. Ranar 26 ga wata suka kafa tuta. Ba su ƙulla yarjejeniya da kowa ba, ba su kuma sayi ko taku ɗaya daga hannun kowa ba, domin dokarsu ta ɗauka cewa ƙasa ce wadda ba ta da mai ita. Wannan hukunci ya zauna daram har shekara ta 1992, sa'ad da Babbar Kotun ƙasar ta rushe shi a shari'ar da aka sani da sunan Mabo.

Shekara guda da 'yan watanni bayan saukar baƙin, a watan Afrilu na 1789, cutar agana ta ɓarke. Mutanen ƙasar ba su taɓa saninta ba, saboda haka jikinsu ba shi da wata kariya. Turawan da kansu sun rubuta yadda suka riƙa tsintar gawawwaki a bakin ruwa da cikin kogunan duwatsu, kuma Gwamna Phillip ya aika wa Ingila cewa an gaya masa rabin mutanen yankin sun mutu.

MACEN DA TA ƘI TUFAFIN GWAMNA

Cikin waɗanda suka tsira akwai wata mace mai suna Barangaroo, daga ƙabilar Cammeraygal ta gefen arewa na mashigin. Mijinta na farko da 'ya'yanta biyu duk sun rasu, ana kuma kyautata zaton annobar ce ta ɗauke su. Sana'arta su, kuma a wurinsu wannan ba ƙaramin matsayi ba ne. A al'adarsu maza da mashi suke sukar kifi daga kan duwatsu, mata ne ke shiga tsakiyar ruwa da ƙugiya. Kwale-kwalensu na ɓawon itace ne, sunansa nawi, ɗan siriri ne ƙwarai, da ƙyar yake ɗagowa bisa ruwa. Ƙugiyar kuwa daga ɓawon wata halittar teku suke goge ta har ta lanƙwashe kamar jinjirin wata, igiyar kuma daga ɓawon itace suke tuƙa ta. Mace takan shimfiɗa yumɓu a tsakiyar jirgin ta hura wuta a kai, tana kamu tana gashi, ga jariri a jikinta, ga igiyar ruwa tana ɗaga ta tana saukewa. Yawancin abincin gida daga hannun waɗannan mata yake fitowa, wanda kuwa ke ciyar da gida ba a yanke magana ba tare da shi ba.

Mijinta na biyu shi ne Bennelong, mutumin da Turawa suka sace a watan Nuwamba na 1789 bisa umurnin Gwamna, don su koyi harshen mutanen ƙasar daga bakinsa. Ya gudu bayan wata shida, amma daga bisani ya dawo don kansa, ya zama mai shiga tsakani. Ya koyi Turanci, ya sa tufafinsu, ya ci abinci a teburin Gwamna, har an gina masa ɗakin bulo a wurin da shahararren gidan waƙe-waƙen Sidni yake tsaye a yanzu. A 1792 ma aka tafi da shi Ingila.

Matarsa ba ta bi wannan hanya ba. Jami'an da suka rubuta labarin waɗannan shekaru sun ce ta ƙi sa tufafin da suka ba ta, in ta zo gidan Gwamna da adon gargajiyarta take zuwa, da ɗan ƙashi a hanci. Wata rana da mijin ya nace sai ya bi Gwamna wata tafiya, ta fusata ta karya mashinsa na su. A 1791 aka kama wani fursuna Bature ya saci kayan su na wata mace 'yar ƙasa, aka ɗaure shi ana yi masa bulala a gaban jama'a don a nuna wa 'yan ƙasa adalcin Ingila. Maimakon ta yi murna, sai Barangaroo ta ɗauki sanda ta tasam ma mai bulalar, don a ganinta wannan azaba ta wuce kima ko da a kan ɓarawo.

Akwai wani abu da ya faru a ƙarshen 1790 wanda ake yawan ambata. Turawa suka jefa taru suka kwaso kifi wajen 4,000, sa'an nan suka aika wa su Bennelong da guda 40 a matsayin kyauta. Wata masaniyar tarihi, Grace Karskens, tana ganin cewa irin wannan ne tushen fushin matar. Ga baƙi sun kwashe a yini ɗaya abin da zai ciyar da dangi na tsawon lokaci, fiye da abin da za su iya ci, sun kuma miƙa kyautar a hannun maza, alhali harkar kifi ta mata ce. Ba a da maganarta daga bakinta, duk abin da aka sani game da ita Turawan da ta ƙi yi wa biyayya ne suka rubuta. Ta rasu a 1791, jim kaɗan bayan ta haifi 'ya mace, 'yar ma ba ta daɗe ba. Mijin ya ƙone gawarta bisa al'adarsu, aka binne tokar a lambun Gwamna.

MIL ƊIN YUNWA

Daga nan sai tudun ya shiga hannun 'yan kasuwa. Aka kafa injinan niƙa a kansa, abin da ya sa ake ce wa unguwar Millers Point, aka sassare dutsensa don gini, aka cike bakin ruwa don a sami wurin ɗaure jirage. A 1841 aka buɗe masana'antar iskar gas a nan, ta yi aiki har 1921, ta kuma bar dafi a cikin ƙasa wanda sai a wannan ƙarni aka kwashe shi da kuɗi masu yawa. A 1900 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta kashe mutum 103 a birnin, gwamnati ta karɓe tashar gaba ɗaya, ta gina sababbin wuraren sauke kaya, ta kuma gina gidajen haya domin leburorin tasha da iyalansu. A riƙe maganar gidajen nan, za a dawo kanta.

Lokacin matsin tattalin arzikin duniya na shekarun 1930, titin da ya bi ta bayan tashar ya sami laƙabin Mil ɗin Yunwa. Kullum da asuba ɗaruruwan 'yan dako sukan taru a ƙofa, wakilin kamfani ya fito ya nuna ƙarfafa da yatsa, sauran su ruga ƙofa ta gaba ko za a dace. Wanda aka ɗauka yakan yi awa 24 yana dakon buhuna ba hutu, wanda ba a ɗauka ba ya koma gida hannu rabbana. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a bakin kasuwa ko bakin tasha yana jiran mai kaya ya kira shi, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A shekarun 1960 da 1970 aka zo da tsarin kwantena. Aka ƙarasa baje abin da ya rage na tudun, aka zuba kankare miƙe sak. Ba a daɗe ba kuma aka ga wurin ya yi wa manyan jirage kaɗan, babu hanyar jirgin ƙasa mai kyau, sai aiki ya riƙa komawa sabuwar tashar Botany. A 2003 shugaban gwamnatin jihar, wanda can ake kira Firimiya, watau Bob Carr, ya ba da sanarwar za a daina sauke kaya a wurin. Fili mai hekta 22 a gefen tsakiyar birni ya zama ba mai aiki da shi, idon kowa kuwa ya dawo kansa.

TSOHON FIRAYIM MINISTA YA SA BAKI

Aka yi gasar zane ta duniya, a 2006 wani kamfanin Sidni mai suna Hill Thalis ya ci. Shirinsu shi ne a bar gefen tashar miƙe yadda yake don tunawa da leburorin da suka yi gumi a nan, a shimfiɗa lambu tun daga wannan ƙarshe har wancan a bakin ruwa, gine-gine su tsaya daga baya, kada su yi tsawo ainun. A wannan shekarar aka zaɓi sunan Barangaroo. Ƙungiyar ma'aikatan tasha ta so a ce Mil ɗin Yunwa, ba ta samu ba, sai a 2009 aka ba wani sashe na titin wannan suna.

Wanda ya juya akalar aikin shi ne Paul Keating, Firayim Ministan ƙasar daga 1991 zuwa 1996. Shi ne mutumin da ya tsaya a unguwar Redfern a watan Disamba na 1992 ya amsa a bainar jama'a cewa baƙi ne suka ƙwace ƙasar, suka kawo cututtuka, suka yi kisa, suka raba 'ya'ya da uwayensu, abin da babu wani shugaban ƙasar da ya taɓa faɗa a fili haka. Keating ya dage cewa kankaren tasha ba abin tarihi ba ne, ɓarna ce, kuma abin da ya dace shi ne a sake gina tudun da aka rushe, ya yi daidai da sauran tuddan da ke kewaye da mashigin. Aka naɗa shi shugaban kwamitin duba zane, ra'ayinsa ya rinjaya, waɗanda suka ci gasa aka ajiye su gefe. Har yau shugabansu Philip Thalis yana cikin masu sukar yadda aka yi da filin. Abin mamaki, shi Keating ɗin bai so sunan Barangaroo ba da farko, ya ce kwalliya ce kawai ake yi da sunan Aborijin.

Aka ɗauko wani Ba'amurke masanin tsara lambuna, Peter Walker, wanda yana cikin waɗanda suka tsara wurin tunawa da harin 11 ga Satumba a New York. Da yake babu hoton wurin kafin zuwan Turawa, sai suka dogara da tsofaffin taswirori da zane-zanen hannu, suka ɗauki layin bakin ruwa na shekarar 1836 ya zama ma'auni. Nan ma masu suka suka sami abin faɗa, suka ce a 1836 ai Turawa sun riga sun yi shekara 48 suna sarar dutsen.

DUTSE DUBU GOMA

Aka fara aiki a 2012, aka kashe kimanin dala miliyan 250 ta Ostareliya. Dabarar da aka yi ta cancanci a tsaya a kanta. Maimakon a sayo dutse daga nesa, sai aka haƙa ƙarƙashin kankaren, aka tarar da irin dutsen yashi mai launin zuma wanda aka gina tsohon birnin da shi. Aka yanka shi da manyan zartuna gunduwa-gunduwa har guda 10,000, kowanne da lambarsa da wurin da za a ajiye shi, aka jera su hawa-hawa tun daga busasshiyar ƙasa har cikin ruwa. Saboda haka babu katanga tsakanin mutum da teku. Yaro yana iya sauka daga dutse zuwa dutse har ya tsoma ƙafa, in ruwa ya janye kuma yakan bar 'yan kududdufai inda ƙananan halittu ke zama. Aka kuma fasa kankaren a wuri biyu aka bar ruwa ya shigo ya yi lungu.

Ramin da aka haƙo dutsen ba a cike shi ba. Aka yi masa rufi da ginshiƙan kankare irin na gada, aka zuba ƙasa a kan rufin, aka dasa itatuwa. Watau tudun da ake gani ɗin nan cikinsa fanko ne. A ciki akwai ƙaton zaure da ake kira Cutaway, da wurin ajiye motoci 300, da manyan tankunan tara ruwan sama don ban-ruwa. Akwai na'urar hawa da ke ɗaukar tsoho da mai keken guragu da mai goyo daga ƙasa zuwa ƙwanƙolin tudun, hanyoyin bakin ruwa kuma a shimfiɗe suke ba matakala. Wata 'yar gajeruwar katanga ta dutse ta raba hanyar masu ƙafa da ta masu keke, ita ce kuma ke nuna inda ruwa ya tsaya a 1836.

Maganar shuka ta fi wuya. An dasa tsirrai fiye da 75,000, iri 84, kusan dukkansu irin waɗanda ke fitowa a yankin Sidni tun kafin 1788. Akwai ɓaure irin nasu, akwai dangin itacen turare, wanda mutanen Arewa suka sani sarai a gandayen gwamnati da bakin hanyoyi, ko da yake ba kowa ya san daga Ostareliya asalinsa yake ba. To, tsirran ƙasar sun saba da ƙasa marar ƙarfi, in aka ba su taki mai yawa irin na gona sai su mutu. Ga shi kuma babu ƙasa a wurin ko kaɗan. Sai masana suka haɗa tasu, da garin dutsen da ya zuba wajen yanka, da niƙaƙƙen kwalabe, da ruɓaɓɓen ganye daidai gwargwado. Cikin 'yan shekaru itatuwan suka kama suka yi duhu, tsuntsaye suka dawo.

ABIN DA 'YAN ƘASA SUKA SAMU

Wanda ya zaga lambun zai ga sunayen wurare da harshen mutanen Sidni na asali, harshen da ya kusa ɓacewa. Lungun ruwa na kudu sunansa Nawi, watau kwale-kwalen matan nan. Na arewa Marrinawi, babban kwale-kwale, sunan da suka ba jiragen Turawa ran da suka fara ganinsu. A wannan lungu aka ba jama'a izinin iyo a watan Janairu na 2023. Hanyar bakin ruwa sunanta Wulugul, sunan wani kifi ne. Wata matakala kuma Burrawang, sunan wani tsiro mai 'ya'ya masu dafi, wanda matan Aborijin ke daka shi su jiƙa a ruwa kwana da kwanaki har dafin ya fita su yi gari, kusan yadda ake yi wa rogo mai ɗaci a nan Kudu.

Akwai malamai 'yan Aborijin da ke zagawa da baƙi da 'yan makaranta, suna nuna musu wane ganye ne magani, wane ne abinci, wane ake saƙa da shi. An sha cin kasuwar kayan hannunsu a wurin. Ranar 26 ga Janairu, wadda gwamnati ke bikinta a matsayin ranar ƙasa, da yawa daga cikinsu kuwa suke ɗaukarta ranar makoki, akan yi taron safe a lambun da hayaƙin ganye da rawar gargajiya. A 2018 wata 'yar Aborijin mai shirya nune-nune, Emily McDaniel, ta gayyaci jama'a su ɗebi ruwan teku a daskarar da shi cikin siffar kifi, su ɗora a wani kwale-kwale a lungun Nawi, rana ta narkar da shi ya koma ruwa. Nufinta a mayar da kifi 4,000 ɗin nan da aka kwashe a 1790.

Wannan duka ba abin rainawa ba ne, musamman a birnin da ya yi shekara ɗari biyu yana raɗa wa tituna sunayen gwamnoni da sarakunan Ingila. Amma suna daban, mallaka daban. Filin na gwamnatin jiha ne, hukumarta ke gudanar da shi, manyan masu zanen kuma babu ɗan Aborijin a cikinsu. Ita kanta Barangaroo ba 'yar Gadigal ba ce, daga ƙetaren ruwa take, saboda haka wasu suka ce an ɗauki sunan wata ƙabila an liƙa a ƙasar wata, abin da su masu al'adar ba sa wasa da shi. An daɗe ana maganar a mai da zauren cikin tudun cibiyar al'adun Aborijin, har an yi nisa da shiri, daga baya gwamnati ta zaɓi ya zama zauren taro da bukukuwa na kowa.

GIDAN CACA DA GIDAJEN TALAKAWA

Babbar rigimar ba a cikin lambun take ba, a gefensa take. Tun farko an shirya cewa kuɗin da za a samu daga masu gina benaye a kudancin filin su za su biya aikin lambu. A 2009 aka ba kamfanin Lendlease wannan sashe, kuma duk sa'ad da aka sake duba shirin sai benayen su ƙara tsawo. A 2012 attajirin nan James Packer ya kawo shawarar gina otal da gidan caca, ba tare da an yi gasar neman kwangila ba, aka kuwa amince. Benen, mai suna Crown, tsawonsa mita 271, ya fi kowane bene tsawo a birnin sa'ad da aka buɗe shi a watan Disamba na 2020. Wurin da aka kafa shi a bakin ruwa, a tsohon shiri an keɓe shi ne don lambun jama'a, sai aka mayar da wannan lambu bayan benen. A watan Fabrairu na 2021 wani kwamitin bincike ya ce kamfanin bai cancanci riƙe lasin caca ba saboda an yi amfani da asusunsa wajen wanke kuɗin haram, sai a watan Agusta na 2022 aka bar shi ya buɗe teburan caca. Ko mene ne ra'ayin mutum game da caca, sunan macen da ta yi fushi don an kwashi kifi fiye da buƙata yanzu shi ne adireshin wannan gida.

Sai kuma gidajen leburori da aka ambata a baya. A watan Maris na 2014, ana tsakiyar jera duwatsun lambu, gwamnatin jiha ta ba da sanarwar za ta sayar da gidajenta na haya 293 a Millers Point da kewaye. Mazauna ɗaruruwa ne, da yawa tsofaffi, wasu jikokin 'yan dakon Mil ɗin Yunwa ne, a gidan aka haife su, a nan aka haifi iyayensu. Hujjar gwamnati ita ce gidajen sun tsufa, gyaransu na cin kuɗi, kuma da kuɗin gida ɗaya a nan za a gina gidaje da yawa a wata unguwa domin dubban da ke jiran layi. Hujjar tana da ƙarfi, ba a musu. Mazaunan kuma suka ce shekara ɗari suna shaƙar ƙura da ƙarar tasha ba wanda ya yi sha'awar unguwarsu, sai yanzu da aka share wuri aka dasa itatuwa aka ga ba su dace da ita ba. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Aka yi zanga-zanga, aka rataya ƙyallaye a tagogi, aka bar 'yan kaɗan a wasu ɗakuna, amma yawancinsu an kwashe su, gidajen kuma aka yi gwanjonsu, wasu a kan dala miliyoyi kowanne. Ran da aka buɗe lambun kowa da kowa, maƙwabtansa na kusa suna ɗaure kaya.

SHIRI NA BIYU

Da alama sukar ta yi tasiri. Ofishin babban mai zanen gine-gine na jihar ya fitar da ƙa'ida, wadda aka kammala a 2023, cewa a manyan ayyuka a nemi masu ƙasa tun ranar da za a fara tunani, ba sai an gama gini a zo neman suna a wurinsu ba. Akwai sauran fili hekta 1.85 a bakin ruwa, tsakanin lambun da benayen, wanda aka keɓe don lambu na biyu. Da aka yi gasar zanensa, a 2023 aka ba wata ƙungiya mai suna AKIN, wadda 'yan Aborijin ke jagoranta. A wannan karo su ne masu riƙe da alƙalami.

Kada a ɗauka ƙasar gaba ɗaya ta sauya ra'ayi. A ƙidayar 2021 'yan asalin ƙasa mutum 812,000 ne da 'yan kai, kashi 3.2 cikin 100 na jama'a. A watan Oktoba na 2023 aka yi ƙuri'ar raba gardama kan a ba su majalisar ba da shawara a cikin tsarin mulki, kashi 60 cikin 100 suka ce a'a, babu jiha ko ɗaya da ta amince.

Wanda ya tsaya a ƙwanƙolin tudun ya dubi yamma zai hango wani ɗan tsibiri a tsakiyar ruwa, Turawa suna ce masa Tsibirin Awaki, masu ƙasa suna ce masa Me-Mel. Wani jami'in Gwamna Phillip mai suna David Collins ya rubuta cewa Bennelong ya gaya masa tsibirin nasa ne, gadon ubansa ne, kuma an sha ganinsa can tare da matarsa Barangaroo suna liyafa. Collins ya yi mamakin cewa mutanen nan sun san mallakar ƙasa. Daga baya Turawa suka mai da tsibirin ma'ajin albarushi, fursunoni suka fasa dutsensa. A watan Mayu na 2022 gwamnatin jihar ta ba da sanarwar ta ware kusan dala miliyan 43 don a gyara gine-ginensa, a kwashe dattin da aka bari, sa'an nan a miƙa shi ga 'yan Aborijin.